Tallan fim: mai buɗe labari da mai rufe shi

A fadarmu ta shayi a Maraɗi, kafin a je wurin masu tura fina-finai a waya, sai an fara kallon tallan fim ɗin. Tallan nan iri biyu ne.

Na farko yana bin tsarin da Tzvetan Todorov ya bayyana, masanin da ya raɗa wa ilimin nazarin labari suna a 1969: ana zaune lafiya, wani abu ya dagula zaman, a shiga neman gyara. Sai a nuna maka amarya da ango cikin daɗi, uwar miji ta shigo, gida ya rikice. Ka san abin da za ka saya. Matsalarsa, mai haɗa tallan yakan zarce har ya nuna sulhun ƙarshe. To me ya rage?

Na biyu ya dogara da abin da Roland Barthes, masanin adabi ɗan ƙasar Faransa, ya tattauna a 1970, wato tambayar da labari ke dasawa ya jinkirta amsarta. Ƙofa a rufe, mace tana gudu cikin dare, kiɗa ya tsaya cak. Kamar mai tatsuniya ya ce "ga ta nan, ga ta nanku" sannan ya yi shiru.

Ni na biyun ya fi kama ni, amma yana buƙatar fuskar da aka sani. Idan ƴan wasan baƙi ne, mai sayen data da ƴan dalolinsa ba zai yi caca ba, zai nemi wanda ya faɗa masa labarin.