Cire mahaifa ta ƙananan ƙofofi: aiki mai kyau, amma ba na kowace mace ba

Tiyatar da likitoci ke kira laparoskopi ta rage wa mata wahala ƙwarai. Maimakon a tsaga mara, ƙofofi uku ko huɗu ake hudawa, kowace milimita 5 zuwa 12, ɗaya a cibiya don kyamara. Bayan an sa mace barci, sai a hura cikin da iskar kabon ya ɗaga, a karkata gado kai ƙasa don hanji ya kauce. A toshe jijiyoyin jinin mahaifa, a ture mafitsara, a yanke mahaifar, a fitar da ita ta gaba, sannan a ɗinke saman farji daga ciki. Dokta Harry Reich ne ya fara cire mahaifa ta wannan hanya a Amurka a 1988.

Ribarta a fili take: jini kaɗan, kwana ɗaya ko biyu a asibiti, mako biyu zuwa huɗu mace ta koma ƙananan hidimominta. Ciwon kafaɗa na kwanakin farko daga ragowar iskar ne, tattaki na rage shi.

Inda gizo ke saƙa shi ne bututun da ke sauko da fitsari daga ƙoda. Yana ratsawa ƙarƙashin jijiyar jinin mahaifa, kimanin santimita 2 daga bakin mahaifa, kuma zafin na'urar toshe jini na iya ƙona shi ba a gani ba, sai bayan kwanaki zazzaɓi, ciwon kwiɓi ko yoyon fitsari su bayyana. Don haka hannun likita ya fi kyawun na'ura muhimmanci. A tambaye shi kai tsaye: sau nawa yake wannan aikin a wata?

Matanmu da yawa ba sa zuwa asibiti sai ƙarin mahaifa ya kai cibiya. A irin wannan girma, ko in tiyatar haihuwa ta bar mannewa a ciki, ana iya komawa tsaga ciki a tsakiyar aiki, kuma hakan daidai ne. Yayyanka mahaifa a ciki da inji don a iya fitar da ita kuwa, hukumar kula da abinci da magunguna ta Amurka (FDA) ta yi gargaɗi a kansa a 2014, don yana iya watsa kansar da ba a gano ba.

Ƙanƙantar ciwon waje na ruɗin maigida da dangi. Ɗinkin ciki na buƙatar aƙalla mako shida: babu saduwa, babu daka, babu ɗaukar bokitin ruwa, don yana iya warwarewa. In an bar gidan ƙwai, al'ada da haihuwa ne kawai suka tsaya, sinadaran jikin mace suna nan.