Ajin Ingilishi na yamma a Zango: darasi a kan cikar ruwa

Wata ƙaramar cibiyar koyon harsuna da ke unguwar Zango a Damagaram ta ware ajin yamma domin ma'aikatan ƙungiyoyin agaji, waɗanda suka yi karatunsu da Faransanci amma rahotanni ke zo musu da Ingilishi. Ana biyan jaka goma a wata, ɗakin yana da fanka, sai dai kujerun sun yi kaɗan.

Darasin da ya fi nuna gwanintar malamin shi ne wanda ya yi a kan high water. Ya bayyana cewa ana nufin lokacin da ruwan kogi ko na teku ya kai matuƙar cikarsa, ko da bai tsallake gaɓa ba, alhali flood ita ce ambaliya, wato ruwan da ya malale inda ba mazauninsa ba. Wannan bambanci ba ƙarami ba ne ga mai rubuta rahoto, domin a Yamai ana shelar jan gargaɗi idan kogin Isa ya kai santimita 620, kuma a Satumbar 2020 ya kai 700, don haka wanda ya haɗa cika da ambaliya zai iya tayar da hankalin jama'a kafin lokaci. Ya kuma koyar da high-water mark, shatar da ruwa ke bari a jikin bango bayan ya janye, wadda masu ƙiyasta ɓarna ke aunawa.

Inda ajin ya gaza shi ne wajen misalai. Kusan rabin sa'a ta tafi a kan cikar teku da janyewarsa sau biyu a yini a gaɓar Ingila, abin da yawancin ɗaliban ba su taɓa gani ba. Ruwan Damagaram daga sama yake saukowa, ya faɗa kan duwatsu ya rasa hanyar nutsewa, ya cika tafkuna, ya jiƙe ginin laka har ya zube, kamar yadda tsohon masallacin unguwar Birni ya rushe a farkon Satumbar 2024. Jimlolin da za su bayyana irin wannan ɓarna su ne ma'aikaci ke buƙata, kuma malamin, duk da haƙurinsa wajen amsa tambaya, bai tanade su ba. Ajin ya cancanci kuɗinsa ga mai son fahimtar rahoto, amma wanda zai rubuta nasa gara ya zo da misalan unguwarsu ya roƙi a yi aiki da su.