Araldite 420: gam ɗin da na amince wa a haɗa jirgin Europa

Duk wanda ya taso a gida ya san Araldite, ƙananan tubu biyun nan da masu gyaran babur da rediyo ke matsawa a kan kwali su cakuɗa da tsinken ashana. To, Araldite 420 ɗan gidansu ne, kamfanin Huntsman ne ke yin sa, amma aikinsa daban ne, kuɗinsa ma daban. Shi ne gam ɗin da littafin haɗa jirgin sama na Europa ya ce a yi amfani da shi wurin liƙa manyan sassa, kuma da shi muke aiki ni da abokina a garejinsa a nan Ingila. Tsofaffin maginan jirgi har yanzu Redux 420 suke ce masa, sunansa na da.

Ga wanda bai san jirgin ba: Europa ƙaramin jirgi ne mai kujera biyu da ake sayen sassansa a haɗa a gida, Ivan Shaw ya tsara shi, ya fara tashi a 1992, kuma a Kirkbymoorside da ke Yorkshire aka kafa kamfaninsa. Jikinsa na faiba ne. Gangar jikin tana zuwa rabi biyu, sama da ƙasa, wurin zaman matuƙi kuma yana zuwa a matsayin yanki guda da za ka zaunar a cikin rabin ƙasa ka liƙa. A cikin wannan yankin fuka-fukai ke samun wurin kamawa. Ke nan ranka da na wanda ka ɗauka sun dogara ne a kan siririn layin gam ɗin da ba za ka sake ganinsa ba bayan an rufe.

Abin da ya fara burge ni shi ne launi. Ruwan gam ɗin rawaya ne, mai daskarar da shi shuɗi, idan sun haɗu sai su koma kore mai duhu. Muddin kana hango zanen rawaya a gefen kofi, ba ka gama juyawa ba. Mutum zai ɗauka ƙaramin abu ne, amma ifoksi, wato irin wannan gam ɗin mai ruwa biyu da ake haɗawa, idan ba a juya shi sosai ba yana barin wuri mai danƙo a tsakiyar haɗi, kuma babu yadda za ka gano shi daga waje. Ana auna shi da nauyi, kashi 100 na rawaya da 40 na shuɗi. Da sikelin dijital mai nuna ƙasa da giram ɗaya muke awo, ba ma yarda da ido. Ifoksi ba irin rezin ɗin masu gyaran bamba ba ne da za ka ƙara masa madaskari don ya yi saurin kamawa. Idan ka ƙara ko ka rage, abin da ya yi saura ba ya samun abokin haɗuwa, sai ƙarfin ya ragu.

Sai lokaci. Yana ba ka sarari ka shafa, ka ɗora yanki, ka daidaita, ka sa ƙusoshin riƙo na wucin gadi, ba tare da ya fara tauri a hannunka ba. Ranar da muka zaunar da wurin zaman matuƙi, wannan sararin shi ne komai, don fuskar da za a shafa tana da faɗi, kuma dole ta jiƙe gaba ɗaya kafin a danna. Sai dai kar a bar shi da yawa a kofi guda, domin yana ɗaukar zafi da kansa ya kama da wuri. A kwaɓa kaɗan-kaɗan ya fi.

Idan tsurarsa ne, gam ɗin yana gangarewa daga wuri mai tsaye, shi ya sa ake zuba masa garin audugar nan da ake kira fuloks, har ya yi kaurin kunun da ya huce, wanda ba ya zuba daga ludayi. Mu kan fara shafa shi tsurarsa a fuskokin biyu don ya shiga ƙofofin da sanfefa ta buɗe, sannan mu bi da mai audugar. Garin ƙananan ƙwallayen gilas ɗin nan mara nauyi kuwa na cike rami ne kafin fenti, ba shi da hurumi a haɗin da zai ɗauki nauyi. Idan an danna, gam ya ɓullo ta kowane gefe. Inda bai ɓullo ba, akwai iska a ciki.

Gyaran fuska ya fi cin lokaci. Sassan da suka fito daga ma'aikata suna ɗauke da ragowar kakin da ke hana su manne wa mazubi. A goge shi tukuna, sannan a bi da sanfefa mai kaushi har sheƙi ya mutu, a share ƙura, kuma kar a sake taɓa wurin da hannu tsirara. Sufeton da ke duba mana aikin a ƙarƙashin LAA, ƙungiyar da ke sa ido kan jiragen haɗin gida a Birtaniya, abin da ya fi tambaya ke nan, tare da ɗan ragowar gam ɗin da muke ajiyewa daga kowane kwaɓi mu rubuta masa kwanan wata. Idan ya taurare yadda ya kamata a kofi, akwai hujjar cewa na cikin jirgi ma ya yi.

Ba zan ɓoye aibinsa ba. Yana da tsada ƙwarai, yana da wa'adin lalacewa, kuma gwangwani ɗaya ya fi ƙarfin ƙaramin aiki, don haka sai ka tara ayyukan liƙi ka yi su kusa da juna. Sanyi ma ba ya yi masa daɗi. A garejin Ingila cikin hunturu yakan yi kauri ya ƙi juyuwa, ya kuma daɗe bai kama ba, dole a kunna hita a bar ta har ya gama. Safar hannu wajibi ce, domin masu aikin ifoksi da dama sun kamu da ƙaiƙayin fata da ba ya barin su su sake kusantarsa.

Mutane kan tambaye ni ko ifoksin West System ba zai wadatar ba, tunda ya fi araha kuma ana samunsa a kowane shagon kayan jirgin ruwa. Abu ne mai kyau a wurinsa, don jiragen ruwa aka yi shi, kuma maginan jirgin sama suna son sa wurin cike da lallashe jiki kafin fenti. Amma ba zan liƙa wurin zaman matuƙi da shi ba. Ruwan jiƙa ƙyallen faiba irin su Ampreg ko MGS L285 ma aikinsu jiƙa ƙyalle ne, tsinkakku ne. Shi 420 an yi shi ne ya jure jijjiga da ƙoƙarin ɓantarewa ba tare da ya tsage ba. Masu haɗa jirgin Lancair a Amurka gam ɗin Hysol suke amfani da shi, masu jirgin Glasair kuma rezin ɗinsu ma ba ifoksi ba ne, don haka wannan yabon na Europa ne. Wanda ke da wani jirgi ya bi abin da mai tsara shi ya gwada ya rubuta, idan kuma yana son canji, ya nemi izini a rubuce kafin ya buɗe gwangwani.