Tambaya da amsa ko zanen alƙaluma: wanne ɗan jarida zai fara da shi?

Malam, ka tambaye ni wanne za ka fara da shi wajen gabatar da labari, tsarin tambaya da amsa ko zanen alƙaluma, wato nuna alƙaluma cikin zane; to, tambaya da amsa zan ce ka ɗauka, kuma lokacin sauyin fasalin naira ne ya gamsar da ni.

A watan Oktoban 2022 Babban Bankin Najeriya ya sanar da sauya takardun naira 200 da 500 da 1,000, ya sa wa'adin daina amfani da tsofaffin ranar 31 ga Janairun 2023, ya ɗaga zuwa 10 ga Fabrairu, sannan ranar 3 ga Maris Kotun Ƙoli ta ce tsofaffin kuɗin su ci gaba da aiki har ƙarshen shekara. Rahoton da muka saba rubutawa kan tsufa kafin jarida ta isa hannun mai saye, don haka edita ya tura mu layin banki da wajen masu POS mu tattaro abin da jama'a ke tambaya da bakinsu. Shin mai shago yana da ikon ƙin karɓar tsohuwar dubu ɗaya? Ina mutum zai kai wadda ta rage a hannunsa? Kowace tambaya muka amsa ta cikin 'yan jimloli, kuma ba a daɗe ba na tarar wani mai shayi ya yanke shafin ya liƙa a jikin teburinsa, duk wanda ya zo da gardama sai ya nuna masa.

Binciken da Cibiyar Poynter ta Amurka ta yi a 2007 kan yadda idon mai karatu ke bin shafi ma ya nuna cewa masu karanta labari a tsare-tsare irin na tambaya da amsa sun fi riƙe abin da ke ciki.

Zanen alƙaluma yana da kyau a fuskar waya, ban musa ba, amma takardar jarida tana shan tawada, launukan sai su cakuɗe, ga wahalar samun alƙaluma masu inganci kafin a rufe shafi. Manhajar da na biya wa kuɗi dominsa tana nan kusan ba na buɗe ta, alhali manhajar Datawrapper na yin aikin kyauta.

Ka kuma yi hattara da masu tallata rajistar manhajar zane ta Canva Pro "ta har abada" a WhatsApp kan kuɗi kaɗan. Cikin asusun wani suke cusa ka, ranar da aka rufe shi kuwa ba kuɗinka, ba mai sayarwar.

Ka fara da tambaya da amsa a labarinka na gaba, da sharaɗin tambayoyin su fito daga bakin masu karatu, kada ka zauna a ofis ka ƙirƙire su.