Shagon buga takardu a Harobanda da ya san bambancin ∈ da €

A Yamai, in ka tsallake Gadar Kennedy zuwa Harobanda ka doshi Jami'ar Abdou Moumouni, shagunan buga takardu ba su ƙirguwa. Wasiƙa da takardar neman aiki kowa ya iya. Lissafi ne ke tona asiri, musamman babin tari, wanda ake kira ansambul a lakkol. Akwai wani ƙaramin shago mai ordinatar uku a layin, wanda ya cancanci ɗaliban lissafi da malaman da ke shirya jarrabawa su kai masa aiki.

Abin da ya raba shi da maƙwabtansa shi ne alamar ∈, mai nufin "yana cikin". Galibin masu bugu, in suka gan ta a rubutun hannu, sai su danna AltGr da E su fitar da €, alamar kuɗin Turai, ko su ɗauko ε na Girkanci. A nan kuwa, mai bugun yana rubuta 2208 a Word ya danna Alt da X (a wasu Word na Faransanci Alt da C ne), lambar ta rikiɗe ta zama ∈ na gaskiya. Haka yake yi wa ∉ da 2209, ∩ da 2229, ∪ da 222A, ⊂ da 2282. A jikin bango, kusa da allon ordinatar, an manna wata takarda da ta yi jawur don ƙura, duk lambobin suna jere a kai. In lissafin ya yi tsawo, sai ya danna Alt da = ya buɗe gurbin lissafi, ya rubuta \in, ya bar tazara.

Tari marar komai ma bai ruɗe shi ba: ∅ yake sawa, lamba 2205, ba harafin Ø ba. A takarda kamar tagwaye suke, amma ordinatar ba ido take bi ba, lamba take bi. Ka nemi ∅ da Ctrl da F a memuwar (kundin kammala karatu) da aka cika da Ø, ba za ka samu ko ɗaya ba.

Inda shagon ya gaza shi ne tsofaffin fayiloli. In malami ya kawo darasin da aka buga shekarun baya da salon harafi na Symbol, gyaran sama-sama kawai suke yi, su bar alamomin yadda suke. A wancan salon ∈ yana zaune ne a gurbin Î, ⊂ a gurbin Ì, ∅ a gurbin Æ. Da an buɗe fayil ɗin a wayar da ba ta da Symbol, ko an sauya salon rubutun gaba ɗaya, sai ka ga "x Î A" ko ƴan akwatuna. Ka ce musu tun farko, "Malam, a sake buga alamomin ɗaya bayan ɗaya", suna yi, sai dai a ƙara musu lokaci. Har wa yau ba su rabu da ɗabi'ar allo ta rubuta IR da IN a madadin ℝ da ℕ, alamomin tarin lambobi, ba, alhali ℝ yana nan a 211D, ℕ a 2115.

Kuma ka faɗa musu kada su taɓa ⊂ naka su mai da shi ⊆. A tsarin Faransanci da muke karatu da shi, ⊂, mai nufin tari yana ƙunshe a cikin wani tari, ya riga ya haɗa da yiwuwar su zama daidai.

Kafin ka biya, aza alamar rubutu bayan ∈ guda ɗaya ka danna Alt da X: in 2208 ta fito, aiki ya yi. Sannan a ajiye maka PDF tare da fayil ɗin Word a kan kile USB, ka buɗe PDF ɗin a wayarka tun kana tsaye a shagon.