Gargaɗi ga masu tara tsofaffin fina-finai a Kaduna: an damfare mu N185,000

Assalamu alaikum jama'a. Raina a ɓace yake, wanda ya ga magana ta hau kan magana ya yi haƙuri. Akwai wani mutum da yake tallar faya-fayan Blu-ray (faifan fim ne mai kama da DVD, amma ya fi shi kyawun hoto) a Facebook, na tsofaffin fina-finan Turawan nan na lalacewar duniya, inda hukuma ta rushe, mai ƙarfi ya taka mara ƙarfi, kowa da bindigarsa. Yana cewa kayansa na asali ne, daga Ingila ake aiko masa su ta Legas. Ɗan damfara ne. Ya karɓi N185,000 a hannuna, kuma kuɗin ba nawa ba ne ni kaɗai, abin da ya fi ci mini rai ke nan. N185,000, a wannan marra da ake ciki.

Kafin wani ya zo yana ce mini ai ganganci ne, a tsaya a ji yadda aka yi. Maganar farko da mutumin nan ya yi mini bayan gaisuwa ita ce: "Yallaɓai, na'urarka faifan wane yanki take karantawa?" Wanda ba ya harkar ba zai gane nauyin wannan tambayar ba. Shi Blu-ray an raba masa duniya kashi uku, A da B da C. Amurka tana A, Turai da Afirka muna B. In ka sayi faifan Amurka wanda aka kulle, ka sa a na'urar B, ba zai buɗe ba, kuɗinka ya tafi a banza. Na daɗe ina sayen faifai a garin nan, daga Kasuwar Sheikh Gumi har shagunan titin Ahmadu Bello, ban taɓa cin karo da mai sayarwar da ya yi mini wannan tambayar ba. Shi ya yi. Har ya ƙara da cewa ba ya son ya sayar mini da abin da zai zame mini asara, don akwai hisabi a gaban Allah. Da bakinsa ya faɗa, muryar tana nan a wayata. To ku gaya mini, wa zai ji wannan ya ce ɓarawo ne?

Kuma ban tura masa manyan kuɗi haka kawai ba. Sai da na gwada shi. Na sayi faifai ɗaya a kan N9,000, ya ba direba, na je tashar Kawo na karɓa da hannuna. Na asali ne, a lulluɓe da ledarsa, hoto tar, sauti ras. Yana nan a kan kantata, wanda yake so ya zo ya gani. Ashe tsaba ce aka watsa wa kaza. Amma a lokacin me ya rage wanda mai hankali zai yi ban yi ba? Na gwada shi da ƙaramin abu, ya cika alkawari. Na ce ya ɗauko mini bidiyon sauran kayan, ya ɗauko, yana juya kwalayen ɗaya bayan ɗaya a kan darduma, har da 'yar takarda mai sunana a gefe.

Wasu sun riga sun fara ce mini wai me zan yi da faifai alhali ga masu turi a kowace kwana, a cika maka waya da fim a kan kuɗi kaɗan. Ba za su gane ba. Ni a gidan kallon yayana na tashi a Tudun Wada, zamanin kaset ɗin bidiyo, ana kunna janareto bayan sallar isha'i, yara a kan benci, manya a baya. Kaset ɗin Mad Max 2 na 1981 sai da ya tsinke aka liƙe shi saboda yawan kallo. Fim ne da aka yi a Ostireliya, a kan mutanen da suke kashe juna saboda man fetur a cikin hamada. Mu kuwa a Kaduna, garin da ke da matatar mai tun 1980, mun san kwana a layin mai, mun san jarka, mun san 'yan bumburutu. Babu wanda ya tsaya fassara mana wannan fim ɗin, kowa ya gane. Haka RoboCop na 1987, labarin Detroit, birnin ƙera motoci a Amurka da masana'antu suka mutu, talauci da ta'addanci suka yi masa katutu. Duk wanda mahaifinsa ya yi aiki a masaƙun Kakuri, ya ga yadda aka yi ta rufe su, ko ya san lokacin da harhaɗa Fijo ke tashe a garin nan, in ya kalli wannan fim ɗin sai jikinsa ya yi sanyi. Shi ya sa har yau ba su tsufa a wurinmu ba. Fim ɗin da masu turi ke sa maka a waya kuma an matse shi, hoton ya dusashe, wani an yanke, wani an ɗora surutu a kan muryar 'yan wasan. Faifai in ka mallake shi naka ne, ba ruwanka da data, ba wanda zai wayi gari ya sauke shi daga intanet.

Shi wannan mutumin duk ya san haka. Ya san cewa Mad Max na farko, na 1979, da aka kai shi Amurka an cire muryoyin 'yan Ostireliya aka ɗora na Amurkawa, ya ce nasa faifan yana da muryoyin asali. Ya san cewa RoboCop sai da aka datse wuraren zubar da jini kafin a bari a nuna shi a silima, kuma cikakken yana fitowa ne a faifan gida. Cikakken nake nema shekara da shekaru. Da na ambata sai ya yi dariya ya ce, "Yallaɓai ashe kai ɗan gida ne." Wallahi wannan dariyar ba ta bar kunnena ba. Da tambayar yankin nan. Na'urarka wane yanki take karantawa. Ina kwance ina tashi ita nake ji.

Faya-fayai 14 muka yi ciniki, N120,000. Mu huɗu ne muke haɗuwa kallo a gidana a Unguwar Sarki, abokai tun na makaranta, kowa ya kawo N30,000, don ni na ce musu na san mutumin, na gwada shi, in wani abu ya faru a wuyana. Ni na faɗi haka. Na tura N120,000 ta transfa, alat ya shiga, ya turo mini da addu'a. Daga baya ya kira wai kaya sun maƙale a Legas, sai an biya N40,000 kafin a sake su. A'a, kafin nan ma sai da ya ce mahaifiyarsa ba lafiya yana asibiti, shi ya sa ya yi shiru, na yi masa jaje har na ce ya gaishe ta. Bayan nan ne maganar N40,000 ta taso. Wannan daga aljihuna na biya, ban gaya wa abokaina ba, don kar hankalinsu ya tashi. Sai kuma N25,000, wai kuɗin mota da ɗaurin kaya, tunda kwalin babba ne ba a so ya fashe a hanya. N120,000, da N40,000, da N25,000. Ku lissafa, N185,000. Ban sa N9,000 na farko ba, tunda wannan na karɓi kayana.

Na manta ban faɗa ba, asusun da na tura N120,000 sunan mace ne a kai. Na tambaya, ba wai ban tambaya ba. Ya ce na matarsa ne, nasa yana da iyaka ba ya ɗaukar kuɗi masu yawa. 'Yan kasuwa nawa ne a garin nan suke karɓar kuɗi ta asusun iyalinsu ko na mai POS? Kullum ana yi. Na N40,000 ɗin kuma wani asusun ne daban, wai na yaronsa na Legas.

Kwalin ya iso, a tashar Mando wannan karon, an naɗe shi da salatif ta ko'ina. Ban buɗe a tasha ba, na kira abokaina na ce a hallara da daddare. A gabansu na yanka shi. Kwalayen faifan shuɗaye ne kamar na gaske, amma da na shafa hoton jikin na farko sai tawada ta biyo babban yatsana. Bugun kwamfuta ne a kan farar takarda, an yanka da almakashi, gefen ma a karkace. Na ciro faifan na juya bayansa, ga shi nan ruwan shanshanbale, irin DVD ɗin da ake saya fanko a ɗora masa abu a shago. Wanda kamfani ya buga ba haka bayansa yake ba, kuma a zoben tsakiya za ka ga ƙananan lambobi da haruffan IFPI. Waɗannan babu. Sannan DVD irin wannan 4.7GB yake ɗauka, Blu-ray kuwa 25GB ne ko 50GB, ta ina za su haɗu? Cikin 14 ɗin, 9 babu komai a kansu, na'ura ta yi ta juyi ta tofo su. Sauran 5 sun buɗe, amma daga talabijin aka naɗo su, ga tambarin tashar a saman allo. RoboCop ɗin da na ƙwallafa rai a kai yankakke ne, ya ma fi na kaset ɗin yayana yankewa.

Babu wanda ya ce uffan a ɗakin. Ɗaya daga cikinsu, malamin firamare ne, N30,000 ɗin nan daga albashinsa ya cire, ya dafa kafaɗata ya ce, "Malam, ƙaddara ce, kar ka sa a ranka." Da zagina ya yi da ya fi mini sauƙi. Na ce zan biya su kuɗinsu kuma zan biya, N90,000 ke nan a kaina bayan nawa. A daren na kira mutumin, ta yi ta ringin ba a ɗauka ba. Da safe layin a kashe, a WhatsApp hotonsa ya ɓace, a Facebook ya toshe ni. Wani ƙanena ya duba da wayarsa, shafin yana nan, an canja suna, amma dardumar nan ce dai da kwalayen nan a bidiyon, ana ta yi masa tambayar farashi a ƙasa. Ina ma zargin ko faifan N9,000 ɗin ne kaɗai na asalin da ya taɓa riƙewa, sauran kwalaye ne fanko yake juyawa. Mutum ya zauna ya haddace tarihin fina-finai, ya san A da B da C, ya kira sunan Allah, duk don N185,000.

Na kai rahoto banki, na kuma shigar da ƙara wurin 'yan sanda, shi ya sa ban sa suna da lambobin asusun a nan ba tukuna, an ce in dakata. Amma hotunan hirarmu, da rasit uku na transfa, da muryoyinsa, da hoton bayan faya-fayan, duk suna hannuna, zan ɗora su da zarar an ba ni dama.

Kar ku biya kafin ku riƙe kaya. Ku juya bayan faifai ku duba. Asusun da ba sunan mai kaya ba, ku bar shi. In aka ce ƙaro kuɗi kaya sun maƙale, ku tsaya a nan.

Duk wanda ya taɓa tura wa mai irin wannan tallar kuɗi a Kaduna ko Zariya, musamman wanda aka tambaye shi yankin na'urarsa, ya yi mini magana ta akwatin saƙo, ina so mu haɗa rasit ɗinmu wuri ɗaya mu kai tare.