Yaya, na ga jinka a Ailan

Salamu alaikum Yaya, ya gida ya yara, a gaida min Inna da kyau. Ran Asabar na shiga bas daga Limarik na je wani ƙauye, sunansa a rubuce Adare, ni da na gani na ɗauka "a dare" ne ashe Adeya suke faɗa. Tafiyar ko rabin awa ba ta kai ba.

Wallahi abin da ya tsayar da ni ɗakunan jinka ne jere a bakin titi, an shafe bango da fenti an shuka furanni a ƙofa, Turawa sai ɗaukar hoto suke. Tun wajen 1830 masu ƙasar wurin, dangin Dunraven, suka gina wa ma'aikatansu, yanzu wasu sun zama shago wasu gidan abinci. Na matsa kusa na duba, baibayar tana da kauri sosai kuma an datse bakinta tsaf kamar aski. Masu sana'ar sun yi ƙaranci a nan, shi ya sa aikin ke da tsada, mu kuma ka tuna yadda muka matsa wa Baba sai da ya cire jinkar ɗakin Kaka ya sa kwano, ga shi nan kullum tana kukan zafi. A 2015 ma gobara ta ci wasu daga cikin ɗakunan jinkar nan na Adare, wuta dai ba ta san Bature ba.

Akwai coci tun 1230 har yau ana shiga, da kangon ganuwa a bakin kogin Maigue, ban daɗe a can ba saboda yayyafi.

Kanti kuma madara da man shanu ba a magana, ga dankalin da muke cewa Arish buhu-buhu, amma naman halal sai ka koma Limarik, kuma babu mai shayi babu mai tsire, shayi kofi ɗaya idan ka juya kuɗin zuwa naira sai ƙishin ya tafi. Leda ma saye ake, ƙaramar robar lemo kuwa ka mayar cikin inji a dawo maka da santi 15. Ba achaba ba Keke, bas ta wuce ka sai ka zauna jiran ta gaba, ni kam na sha zama a sanyi.

Ka tambayar min ko mai baibayar nan na bayan kasuwa yana nan da rai.